Ranar Da Kafinta Ya Koma Coci

"Addu'ar taki ce ke kaɗai? Mu gwiwoyin katako gare mu?" Uwar Zumunta, shugabar matan cocin, ta doka tsintsiya a ƙasa. "Tun yaushe muke durƙuso a kan mijin nan naki? Yau Ubangiji ya amsa, ki ce mu ɗinke baki?"

"Mama, ban ce kada a yi murna ba," in ji Matar Kafinta, tana murza tsumma a hannu. "Cewa na yi a yi ta a ciki."

"A ciki? Murna ce ko ciwon ciki?"

Ran Asabar ce, matan zumunta sun zo sharar coci. Kuma in za a faɗi gaskiya, bakin Matar Kafinta ne ya ja mata. Mutum ɗaya tak ta raɗa wa cewa gobe maigidanta zai zo sujada, wato Mai Kitso, har da cewa kada ta gaya wa kowa. To, ba Mai Kitso sirri ai zuba ruwa ne a kwando. Kafin a gama goge tagogi har an fara gardamar waƙar da za a tarbe shi da ita.

Kafintan nan shi ya ƙera bencinan cocin da hannunsa. Wata rana aka kwashe su aka jera kujerun roba, ba wanda ya ce masa ci kanka. Tun daga nan ya ɗauke ƙafa. Jariran da aka haifa a lokacin yanzu muryarsu ta fashe. Ita kuwa matarsa duk taron addu'a sai ta kawo sunansa, har ta kai tana buɗe baki mata suke ƙarasa mata.

"Ku ji sharaɗin da ya kafa mini," in ji Matar Kafinta. "Ya ce in aka ce baƙi su miƙe, ko aka ɗaga masa waƙa, ko aka tafa masa, to na ga ƙeyarsa ke nan, ba shi ba coci har abada. Kun san shi. In ya ce a'a, ko guduma ba ta lanƙwasa shi."

"Ba Fasto ne ya koya mana ba, in tunkiya ta dawo garke har sama ake murna?" Mai Kitso ta tsoma baki.

"Tunkiyar Fasto ba ta da zuciyar mijina, Yaya!"

Sai hawaye suka zubo wa Matar Kafinta. Da Uwar Zumunta ta ga haka, jikinta ya yi sanyi. Amma ita mace ce da ba ta iya yin abu rabi. Ta gyara ɗankwali ta juya wajen matan.

"To, kun ji. Gobe ba waƙa, ba tafi. Kai, ba ma kallo! Duk wadda ta juya wuya, ni da ita. Ku gaya wa mazanku, ku gaya wa mawaƙa da masu tsaron ƙofa. Fasto ni zan same shi."

Ran Lahadi Kafinta ya sa rigarsa mai guga, ya shigo bayan an fara waƙa, ya zauna can kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Matarsa tana gaba cikin mata. Ba ta waiwaya ba, amma ta san ya shigo, don gaba ɗaya wuyan jama'a ya sandare kamar an zuba musu sitaci.

Kai, ranar an sha wuya! Murna ta cika ɗaki ta rasa mafita. Mai ganga ya huce a kan fata har mawaƙa suka dinga binsa da gudu. Mai Kitso ta cusa bakin gyale a baki tana cizo, idanunta na zubar da ruwa. Wata tsohuwa ta fara "Halle..." Uwar Zumunta ta wurga mata ido, ta haɗiye sauran. Da aka zo wurin tarbar baƙi, Fasto ya yi tari ya tsallake zuwa sanarwa. Da ya ce a gaisa da juna cikin salamar Almasihu, hannuwa suka yi ta gilmawa ta gaban Kafinta da bayansa, ba wanda ya sauka a nasa.

Matar Kafinta ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. An yi! Ba wanda ya karya doka! Tana zuba abinci tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, tana gode wa Yesu. Ta kai masa kwano ɗaki, ta tarar da shi zaune bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Baban yara, yaya ka ga sujada?"

"Sujada?" Ya ɗago. "Wancan coci ne ko tashar mota?"

Ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Ko a tasha ai ɗan kamasho yana cewa sannu! Shekaru nawa rabona da wurin nan, a rasa mai ce mini ya gajiya? Direba, abokina tun muna yara, na miƙa masa hannu, ya ɗaga kai yana kallon silin kamar yana neman inda ke yoyo!"

"Ai kai ka ce..."

"Na ce kada a yi mini waƙa. Na ce kada a gaishe ni? Ko akuya ta shigo gida ana ce mata kai!"

"Don Allah ka ji, Uwar Zumunta ce ta..."

"Ita ma na gan ta! Ta wuce ni tana kallon bango kamar an rubuta mata wani abu a jiki."

Matar Kafinta ta zauna daɓas a ƙasa. Shi ke nan, ta ce a ranta, gwiwa ta ci ƙasa a banza. Garin gyaran gira an tsokane ido.

Shi kuwa ya zura ɗaya takalmin ya miƙe yana huci.

"Ashe haka kuke yi wa mutane? Da wani baƙo ne mai neman Allah ya shigo, ai da ya koma inda ya fito! Ɗan kau da idon da na yi, har kun lalatar da ikilisiya."

"Ina za ka?"

"Gidan Fasto! Sai ya gaya mini wa ya koya masa kiwo. Kuma ki faɗa wa masu tsaron ƙofar nan su nemi wani aiki. Lahadi mai zuwa ni zan tsaya a wurin tun kafin a buɗe, in nuna muku yadda ake tarbar mutum!"

Ta miƙe zumbur, ta toshe baki da hannu biyu kada ihun murna ya kuɓuce.

"To... abincin fa?"

"Ki kai wa Direba, ya ci yana kallon silin!"

Ya fice, ya bugo ƙofar garam.