Naman Jaki a Gidan da Ba Mai Gida

Duk wanda ya san unguwar Briqueterie a Yaoundé ya san tukubar Baballe da ta Mohaman, suna kallon juna a bakin titi, hayaƙin wannan na shiga idon wancan. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, don haka tsiya ita ce gaisuwarsu. Ni da nake ɗinki a tsakaninsu na sha ji har na daina ɗaga kai.

Rigimar ta fara ne ranar da wani babban dandalin sada zumunta ya rufe shafin Baballe, wai hoton kawunan raguna da ya ɗauko a kasuwar Etoudi ya yi muni. Baballe ya yi ta sababi har tsire ya ƙone. Sai 'yarsa Zuhura, mai karatun kwamfuta, ta buɗe masa shafi a wani sabon dandali.

"Baba, wannan rezo ba shi da patron," in ji ta. "Blokcen ake ce wa tsarin. Abin da ka sa, kwamfutoci dubbai ne ke riƙe da shi, ba mai iya rufe ka."

"Gidan da ba mai gida? Ai nan ne wurin zamana!"

Kuma gaskiya ya ji daɗinsa. Ya sa kawuna, ya sa kayan ciki, ba wanda ya ce masa kanzil. Ma'aikatan unguwar Cité Verte suka fara tururuwa zuwa tukubarsa.

To, daɗi ya yi wa Baballe yawa. Wata Juma'a ya ɗauki hoton taubashinsa yana barbaɗa yaji, ya rubuta da Faransanci: "Ga sarkin naman jaki." Mu 'yan unguwa muka yi dariya, Mohaman ma har da riƙe ciki. Amma mutumin Cité Verte ina ya san wasan taubasai? Kafin mako ya zagayo, tukubar Mohaman sai ƙuda. Dariya ta ɗauke masa. Ran nan na ga ya kwashe tsirensa bai sayar ba, ya wuce Baballe ko kallo, wallahi sai da zuciyata ta karye.

Baballe ya ruga gida. "Zuhura, goge!"

"Na ɓoye shi a shafinka, Baba, amma yana nan a wajen mutane. Ba ya goguwa."

"Kira mini patron ɗin, in ba shi haƙuri."

"Wane patron kuma? Ba shi ka yi murnar babu ba?"

Dattawa suka zauna. Suka ce tunda magana ta ƙi binnuwa, sai a danne ta da wata: kullum da yamma Baballe zai zauna a tukubar Mohaman ya ci tsire, a ɗauki bidiyo a sa. Baballe kuwa ba ya abu rabi da rabi. Ya ci yana lumshe ido, yana lasar yatsa, yana rantsuwa duk Yaoundé babu nama irin wannan.

Mutane suka gaskata shi sarai. Masu sayen tsiren Mohaman suka dawo, na Baballe ma suka bi su, don wa zai ci tsiren da mai shi ya tsallake titi ya bari?

Jiya na ji Baballe yana tambayar Zuhura a hankali: "Wannan na yabon fa, shi ma ba ya goguwa?"

Mohaman ya ɗaga murya daga ƙetaren titi: "Taubashi, in ka gama, zo ka taya ni juya nama, hannu ya yi mini kaɗan!"