Hannun Kawu a Kan Maɓalli

Kwamfutar da ke sakin shirye-shirye a gidan rediyon ta koyi wata muguwar ɗabi'a: ana tsakiyar shiri sai ta sandare. Manaja kuwa ya riga ya yanke hukunci. Ya ce tsufa ne ya kama Kawu, mai kula da na'urorin ɗakin watsa shiri, yana latse-latsen da bai sani ba. In ta sake yi, za a ɗauke shi daga teburin da ya yi furfura a kansa.

'Yar ƙanwarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, injiniyar kwamfuta ce. Tausayin Kawu ne ya kawo ta, amma son sani ne ya zaunar da ita. Ita dai in abu ya lalace ba ta san dalili ba, ko abinci ba ya mata daɗi.

"Kawu, na'urar nan tana da zuciya, kanel muke ce mata," in ji ta. "Idan za ta faɗi, takan juye duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a fayil guda, kamar mai barin wasiyya."

"To karanta mana wasiyyar mana."

Nan gizo ke saƙa. Manhajar da take bin diddigin kuskure da ita ta ƙi buɗe fayil ɗin, don juyen a ɗanye yake, ba kai ba gindi. Uwata ta zauna a lungun ɗakin, tsakanin tulin wayoyi da tsohuwar fanka, ta rubuta ɗan shirin da zai jera juyen yadda manhajar za ta gane shi. Ta nemo taswirar kanel ɗin, wadda ke faɗin sunan kowane sashe. Fayil ya buɗe, sai ga shi guntu. Ta buɗe na baya, shi ma guntu. Duk a tsakiya suke yankewa, kafin a kai wurin da laifin yake.

Abin ya ɗaure mata kai. Me ke katse wa na'ura magana kullum?

Tana cikin wannan tunani ne, mai gabatarwa na shirin sakin waƙa, allo ya daskare. Kafin ta ƙifta ido hannun Kawu ya kai kan maɓalli, ya kashe, ya kunna.

"Kawu! Ashe kai ne!"

"Ni ne me?"

"Tana cikin wasiyya kake toshe mata baki. Ka bar ta ta gama juyewa."

Kawu ya dube ta kamar ta zage shi. "Uwata, shiru a rediyo abin kunya ne. Tun ina saurayi aka koya mini, ko gobara ake yi kada iska ta tafi babu murya."

"In ba ka bari ta yi shiru sau ɗaya ba, kai za a sa ka yi shiru gaba ɗaya."

Kawu ya shiga goge teburin da ba shi da ƙura.

Washegari da hantsi kwamfutar ta sake sandarewa. Hannun Kawu ya zabura, Uwata ta cafke shi, ta haɗa da ɗayan ta riƙe gam, yadda yake riƙe nata in za su tsallaka titi tana ƙarama. Shiru ya cika ɗakin. Mai gabatarwa ya riga ya fita shan ruwa, ba mai cike gurbi. Wayar ofis ta fara ƙara, Manaja ya leƙo ta gilashi yana ɗaga hannu. Gumi ya karyo wa Kawu, har sai da ta ji kunyar abin da take masa. Ba ta sake shi ba sai da na'urar ta gama, ta tashi da kanta.

Wannan karon fayil ya buɗe cikakke. Ta bi sawun daga inda kanel ta faɗi, tana komawa baya mataki-mataki, har ta tsaya a kan manhajar sabon katin sauti da aka saka kwanan baya. Ita ke rubutu a ƙwaƙwalwar na'urar, a inda ba nata ba, har ta kayar da kanel. Babu latsin kowa a ciki.

Manaja ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce a cire katin.

Uwata ta juyo da murna, ta tarar Kawu bai ko kalli allon ba. Hannayensa yake kallo.

"Tun farko tana son ta wanke ni," ya ce a hankali, "ni kuma ina rufe mata baki."