Ƙasa Ba Kasa Ba Ce

Kai ma ka sha gani a wayarka, ka kau da kai. An rubuto maka "kasa" ana nufin ƙasa, ka ce ai an gane. To, saurari abin da "ai an gane" ya kusa jawo wa wata yarinya a Birnin Kudu.

Ranar Alhamis ce, kuma Malama Nasiha, wadda ko shekara ba ta cika da fara koyarwa ba, zama ya gagare ta. Ta tashi, ta zauna, ta sake buɗe sakamakon jarrabawa. Makarantarsu ta koma ba da aiki ta manhaja: ɗalibai su amsa a ɗakin kwamfuta, manhaja ta gwada amsarsu da wadda malami ya shigar, ta fitar da maki nan take. Uku na sama a jarrabawar Hausa za a tura gasa Dutse, kuma ƙarfe biyu za a aika sunaye.

Munawwara 'yar ƙauyen Kangire, wadda duk ajin ba mai kama ƙafarta a Hausa, ta ci tara cikin arba'in.

Nasiha ta bi amsoshinta ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa, kuskure. Ɗaki, kuskure. Ɓera, kuskure. Ashe yarinyar ce kaɗai ta wahala ta nemo haruffa masu ƙugiya. Amsoshin da aka shigar wa manhajar kuwa ba ƙugiya ko ɗaya.

Malam Barau, babban malamin Hausa, shi ya shigar da su, shi kaɗai ke da lambar sirri. Ta same shi a bakin ƙofa yana buga mashin.

"Malam, don Allah minti biyar."

"Malama, Gwaram na nufa, ga hadari na haɗuwa. Na'ura ta gama dubawa. Ita ba ta da ƙanwa, ba ta da 'yar ɗaki."

"Abin da aka ɗura mata take amayarwa, Malam. Ta kayar da yarinya don ta rubuta daidai."

"Ku yaran zamani da ƙaƙale! Shekara ashirin ina koyarwa. Da ƙugiya da babu, ai an gane."

Nasiha ta ji kanta ya ɗau zafi. Ta dubi agogo, ɗaya da rabi. Ta danna wani abu a wayarta, ta miƙa masa da hannu biyu.

"To, haka zan rubuta sunanka a takardar Dutse. Ai za a gane."

Ya duba. An rubuta: Malam Ɓarau.

Malam Yunusa na lissafi, da ke alwala a gefe, ya leƙo, dariya ta kusa sa shi ɓarin buta. "Af! Yau an kama ɓarawon maki!"

Malam Barau bai yi dariya ba. Ya kashe mashin. "Ke, kakata ce ta sa min sunan nan. 'Ya'ya huɗu uwata ta binne kafin ni. Barau, wato a bar musu ni."

"Allah ya ji ƙansu. To Malam, ita ma a bar mata abinta."

Ya miƙa mata wayar, ya kafe mashin ya wuce ofis. Suka bi tambayoyin, suka sa manhajar ta karɓi rubutu mai ƙugiya. Makin Munawwara ya tashi zuwa talatin da bakwai, ta zo ta biyu. Saura minti shida aka aika sunaye. Malam Barau ya fita cikin yayyafi yana ƙunƙuni, ko sallama bai yi ba.

Wannan karon an dace, akwai wadda ta duba. A makarantar ɗanka wa ke dubawa? Gobe ka je ka ce a buɗe maka amsoshin da aka ɗura wa na'urar, ka karanta da idonka. Kuma kafin ka ajiye wayar nan, sa mata haruffan Hausa.