Giwan Ruwan da Ya Tsallake Jarkoki

Muhammadu Lawan ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa tirela kafin gwiwa ta zaunar da shi a gida a unguwar Bolewa. A wajen jiran lodi a garuruwan bakin kogi ya koyi fatsa, kuma ita kaɗai ya dawo Potiskum da ita daga yawon duniya. Da ya ji za a buɗe wani tafki da ke can bayan Gadaka, wanda Sarkin Ruwan wurin ya rufe wata huɗu don kifi ya hayayyafa, har an sa gasa ranar buɗewar, sai ya wuce kai tsaye shagon amininsa Babaji mai atamfa.

"Alhaji, ranar Asabar ka rufe shago. Kai za ka tuƙa mini kwale-kwale."

Babaji ya ajiye almakashi. "Malam Lawan, kakana daga Kano ya zo nan da ƙafa. Kaf zuriyarmu ba wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce na alwala."

"Zama kawai za ka yi, ka yi abin da na ce."

Ranar Asabar da hantsi suna bakin tafkin. Mutane sun fi ɗari biyu, masu shiga ruwa kamar talatin. Sarkin Ruwa, wani siririn dattijo mai hular kaba, ya hau kan turmi ya faɗi dokoki. Ba taru, ba birgi, ƙugiya ɗaya ga mutum ɗaya. Kifin da bai kai kamu ɗaya ba a mayar da shi. Mai tuƙi ba zai taɓa igiya ba. Sannan ya nuna gabas, inda aka jera jarkoki masu ruwan ɗorawa a kan igiya daga gaɓa zuwa gaɓa.

"Bayan jarkokin can ɗakin haihuwar kifi ne. Ba a jefa ƙugiya a can, ba a ciro kifi a can. Azahar na yi, mataimakina Kashim zai busa usur. Kifin da ke cikin jirgi a lokacin shi za a auna. Wanda nasa ya fi nauyi ya tafi da injin ban ruwa."

Awa biyu Lawan bai kama komai ba. Babaji kuwa juya su yake ta yi a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa, har masuntan da ke kusa suka fara dariya. Can wani ya ɗaga tarwada, can wani ya ciro bargi. Wani ƙaƙƙarfan masunci mai suna Umara ya ɗaga giwan ruwa mai tsawon hannu, aka yi masa tafi daga tudu. Lawan bai ko kalle shi ba. Ya lura ƙananan karfasa suna tsalle a firgice kusa da wani busasshen kututture, kamar taku arba'in kafin jarkokin. Ya sa Babaji ya lallaɓa da su can, ya maƙala ƙaramar karfasa mai rai a ƙugiya, ya sake ta a hankali.

Bai gama gyara zama ba igiyar ta fizge. Ta zare daga hannunsa da gudu har tafinsa ya ɗauki zafi. Ya naɗe ta da rawaninsa, ya dafe ƙafa biyu a bakin jirgi, sai kwale-kwalen ya juya da kansa ya fara tafiya.

"Malam Lawan, ba ni nake tuƙawa ba fa," in ji Babaji.

"Na sani. Riƙe filafilin tuƙin da kyau, kada ka miƙe."

Kifin ya ja su kamar saniya ta ja galma. Mutanen kan tudu suka taso suna bin su ta gaɓa da gudu. Sai ga shi ya yi sama gaba ɗaya, fari sol yana walƙiya a rana, baki a wangame, ya girgiza kai ya faɗa ruwa da ƙarar da ta sa tsuntsaye tashi. Tsawonsa ya kusa kai mutum. Lawan ya ji dariya ta kuɓuce masa. Duk yawon da ya yi bai taɓa ganin irin wannan a ƙugiyar kowa ba.

Kafin su farga, igiyar jarkoki ta karce ƙasan jirginsu. Sun shiga wurin da aka hana.

Sarkin Ruwa ya iso a nasa kwale-kwalen, Kashim na tuƙa shi. Lawan ya yi magana bai waiwaya ba.

"Ranka ya daɗe, a waje na jefa. Shi ya kawo ni."

"Na gani da idona," in ji dattijon. "Ba ka yi laifi ba. Amma in ka ciro shi a nan, a nan za ka sake shi. In ka fitar da shi waje, naka ne."

"Saura minti nawa?" in ji Lawan.

Kashim ya duba waya. "Ashirin da biyar."

Lawan ya san in ya ja da ƙarfi igiyar za ta tsinke, in kuma ya sassauta da yawa kifin zai shige cikin ciyawa ya naɗe ta. Sai ya riƙa ba shi kamu biyu, yana karɓar uku. Ya ce wa Babaji ya juya baya ya tuƙa zuwa yamma, sau biyu dama, sau biyu hagu, yana ƙirga masa da baki. Babaji ya cire hula, ya tattare babbar riga, ya duƙufa. Da fari jirgin ya ƙi motsi. Can ya matsa taku ɗaya. Kifin ya maido su biyu. Suka sake.

Masu gasa da yawa sun naɗe igiyoyinsu sun jeru a bayan jarkoki suna kallo. Umara ma ya matso, yana ba da shawara da irin Hausarsa ta Barebari: "A bar shi ya gaji, Malam, a bar shi." A kan tudu aka ɗauki ƙirgan Lawan, mutum ɗari biyu suna cewa dama, dama, hagu, hagu, Babaji yana bi, gumi na zuba daga gemunsa.

Jirgin ya tsallake jarkoki. Kifin yana ciki tukuna. Lawan ya ji nauyin ya sauya, jan ya zama na mai gajiya. Ya tattaro igiya hannu bayan hannu, jini na ɓata rawanin, har farin cikin kifin ya bayyana a ƙarƙashin jarkokin, ya wuce su, ya kwanta a gefen jirgi yana buɗe baki. Lawan ya durƙusa ya zura hannu ta bayan kumatunsa. Ya ɗaga, kan ya hau bakin jirgi, jirgin ya karkata, ruwa ya fara shiga.

Sai Kashim ya busa usur.

Rabin kifin yana jirgi, rabi yana ruwa. Babaji ya dubi Sarkin Ruwa, Sarkin Ruwa ya girgiza kai a hankali.

"To, tunda gasa ta ƙare," in ji Babaji, "yanzu ina iya taɓawa?"

"Taɓa, Alhaji."

Ya rungumi wutsiyar da hannu biyu, suka mirgino shi ciki, su ma suka zube a kansa suna haki suna dariya.

A tudu sai da aka ɗaure sikelin a reshen tsamiya. Kilo arba'in da uku. Na Umara sha ɗaya ne, kuma shi aka ba injin, kamar yadda doka ta ce. Da ya karɓa ya zo ya riƙe hannun Lawan ya daɗe bai saki ba. Sarkin Ruwa ya ce tun yana saurayi rabonsa da ganin irin wannan a tafkin, kuma baɗi ma wata huɗu zai rufe, duk mai ƙorafi ya zo ya dubi sikelin nan.

A saman bas aka ɗauro kifin cikin jiƙaƙƙun buhuna. Kafin su kai Potiskum bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka a waya ya riga su, don haka da la'asar da Keke Napep ta shigo da su Bolewa, wutsiya na leƙowa ta gefe ɗaya, kai ta ɗaya gefen, layin ya riga ya cika. Fanne, matar Lawan, ta fito da wuƙa da faranti, ta tsaya ta dubi kifin, ta dubi wuƙar.

"Malam, wannan sai an kira mahauci."

Aka kira mahaucin. Gida goma sha tara suka samu rabo. Fanne ta yi farfesun kan a tukunyar biki, ta wanke wa mijinta tafin hannu da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma. Yatsunsa sun kumbura har ba ya iya riƙe cokali da kyau, sai ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kurɓa, yayin da Babaji, a kan tabarma tsakiyar maƙwabta, yake nuna musu da muciya yadda ake tuƙa kwale-kwale da baya.