Numfashin Tumpa

Na shigo ƙauyenmu da jaririn roba a hammata, ƙafafunsa na reto, agwagin bakin hanya na watsewa. Kwana uku na yi a birnin Patuakhali ana koya mana ceton wanda ya nutse a ruwa, har da takarda mai hatimi. Ni Mofizul, mai sayar da maganin ciwon kai a kasuwa tun gashina na baƙi, na dawo ina jin ko likita ya gan ni sai ya gyara tsayuwa.

Washegari da hantsi na tara mata a tsakar gidan Kaka Joygun, tsohuwar da ba a tsallake maganarta. Hantsi ne lokacin da tafkunanmu ke cin yara: maza na gona, mata na gaban murhu, kowa na zaton yaro yana wajen wani. Na kwantar da ɗan robar a tabarma na nuna musu. A fara busa masa iska a baki sau biyar, a danna ƙirji sau talatin, a busa sau biyu, a sake dannawa.

"Mofiz-bhai, ashe abin da ka je yi birni ke nan?" in ji Shefali, matar mai gyaran kwalekwale, da ke kirana bhai, wato yaya. "Allah ya raya. Hancinsa sak naka."

Mata suka kwashe da dariya. Kaka Joygun ta tofar da jan yawun ganyen pan da take taunawa kamar goro, ta ce, "Mu abin da muka gada, a ɗora yaro a ka a yi ta juyi da shi har ruwan ya fita. Ɗana Kuddus ya juya yara uku da hannunsa."

"Nawa suka tashi, Kaka?"

"Kai ne Allah da za ka ƙirga?"

Ina gyara murya zan kawo hujja, sai kururuwa ta tashi daga bayan gida. Tumpa ce, 'yar Kuddus mai shekara biyu. Ta bi agwagwa zuwa tafki yayin da uwarta ke zaune a gabana tana sauraron yadda ake kula da yara.

Muka ruga. Kuddus, da ya dawo daga gona, ya riga ya tsamo ta, ya ɗaga ta sama da kansa, ya soma juyi a cikin taɓo. Hannuwanta na lilo, leɓɓanta sun yi shuɗi, ba ta numfashi.

Da so samu ne, in ce na yi tsalle na ƙwace ta. Gaskiyar ita ce na tsaya baki buɗe, duk karatun kwana uku ya zare jiki ya bar ni.

Shefali ce ta kutsa. Ta damƙi ƙullin zanen da Kuddus ya ɗaura a ƙugu. "Yaya Kuddus, sauke ta, ko in sauke maka wannan a gaban matan ƙauye."

Ta fa ja da gaske. Hannunsa ɗaya ya sauko don kare mutunci, ita kuwa ta zare yarinyar ta shimfiɗe a ƙasa mai tauri. Ta ɗaga mata haɓa, ta busa sau biyar, ta ɗora tafin hannu ɗaya a ƙirji.

"Mofiz-bhai, ƙirga mini. Ƙirga dai ai ka iya."

Na durƙusa na soma. Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Kafin in kai goma, matan da ke bayana sun kama, har uwar yarinyar, tana kuka tana ƙirgawa.

"Za ta karya mata ƙashi," in ji Kuddus.

"Ƙashi na ɗoruwa," in ji wata. "Matsa ka ba ta iska."

Talatin, busa biyu. Talatin, busa biyu. Gumi na ɗiga daga haɓar Shefali. A zagaye na huɗu Tumpa ta motsa, ta yi tari, ta amayo ruwa da shinkafar safe a kan rigata, sannan ta tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Wuri ya kaure. Wasu na kabbara, wasu na rungumar Shefali, Kuddus ya zauna daɓas a taɓo yana riƙe da zanensa da hannu biyu. A nan karatuna ya lallaɓo ya dawo: na ce dole a kai ta asibiti yanzu, ruwa kan ɓuya a huhu. Karon farko a rayuwata na yi magana aka tashi da gudu.

Muka hau keken ɗaukar kaya, yarinyar naɗe cikin bargo a cinyar kakarta, mai keke na taka feda kamar ana korarsa. A hanya na lura Kaka Joygun ta kwance bakin mayafinta a ɓoye, ta ɗebo gishiri tana goga wa Tumpa a tafin ƙafa, wani maganin gadon da karatuna bai yarda da shi ba. Ta ga na gani, ta tsare ni da ido.

Ƙirjin yarinyar na hawa yana sauka. Na juya kai ina kallon gonakin shinkafa.