An Yaye Ku

"An yaye ku, Inna."

Mai ba da magani ya turo mata katin ta ƙarƙashin tagar ƙarfe, bai ko ɗago kai ba. Inna Barkono ta tsaya riƙe da 'yar jakar da take zuwa da ita karɓar allurar mijinta. Ta ɗauka kunnenta ne bai ji daidai ba.

"An yi me?"

"An yaye ku. Haka na'ura ta nuna. Kun fita daga sahun marasa ƙarfi, daga yau sai dai ku saya."

"Kai yaro, ɗago ka dube ni." Ta zame ɗankwali ta nuna masa furfura. "Wannan kan ne za a yaye? Sa'ar kakarka ce ni. Nonon wa ka ga ina sha da za a cire ni?"

Masu layi suka fashe da dariya. Wata mai goyo ta ce, "Inna, barka da yaye, Allah ya raya!" Aka ƙara tuntsirewa. Mai ba da magani ya miƙa hannu ya karɓi katin na bayanta, ya ce in tana da magana ta je ofishin masu agaji, shi ɗan aike ne kawai.

Ta fito da jakarta wayam. Ba don komai ake ce mata Barkono ba sai don bakinta. Amma duk tsawon hanyar gida ƙafar mijinta Magini kawai take gani a idonta: ɗan ciwon nan na babban yatsa, wanda ƙusa ta yi masa, ya ƙi warkewa saboda ciwon suga. Likita ya gaya mata gatsal, muddin allurar ta tsaya, ƙafar za ta bi ta.

* * *

Magini na kwance a kan katifarsu da ta lotsa a tsakiya, ya lulluɓe ƙafar da tsohon bargo. Ko ita ba ya son ta gani sai lokacin wanki. Mutum ne da ya gina rabin gidajen layin nan, har yanzu in ya ji sallamar baƙo sai ya lalubi hularsa ya ɗora.

Ta gaya masa. Ya murmusa.

"To, 'yar tsohuwa, sai ki fara tatata. In kin yi wayo in sa ki makaranta."

"Malam, ba na son wasa."

"In ban yi wasa ba me zan yi? Gudu?"

Ta juya masa baya tana kwance ƙullin wankin mutane. Ɗan kaɗan ne. Tun da aka shimfiɗa sabon titi aka buɗe kamfanin takalma a bakinsa, ma'aikata suka cika unguwa, ta ɗauka kakarta ta yanke saƙa. Sai wani ya buɗe shagon wanki da inji, mai wankewa ya busar kafin mutum ya gama shan shayi. Masu kawo mata kaya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mai gidan haya kuwa ya ce unguwa ta yi daraja, ɗaki ma ya yi daraja.

Ba ta taɓa musun alherin masu agajin ba. Mutane ne daga ƙasashen da ba ta iya faɗin sunansu, su suka kawo famfon bakin layi, su suka gina ɗakin shan magani, su suka ba ta koren katin da ya riƙe ƙafar Magini har yau. 'Ya'yan da ta haifa, biyu ƙasa ta rufe, ɗaya tana aure can nesa tana fama da nata. Katin nan shi ne ɗan da ya rage mata.

Matar tela ta leƙo ta kan katanga. Da ta ji abin da ya faru ta dafe ƙirji.

"Inna, ko dai zuwan baƙin nan ne?"

Inna ta saki ƙullin wankin. Ta tuna.

Watannin baya aka yi sanarwa masu agaji za su bi gida-gida su gaisa da mutane. Baƙi ne fa, kuma masu alheri. Wace ce za ta tarbi baƙo a kan tabarmar da ɓera ya ci? Ta tashi ta share ɗaki, ta ari kujerun roba da labule a wurin matar tela, ta ari rediyo ta ɗora a kan akwati. Ta janye bokitan da suke tare ɗigar rufi ta ɓoye a bayan gida. Ta sa wa Magini rigarsa ta zuwa suna, ta zaunar da shi, ta rufe masa ƙafa da zane mai kyau. Wata yarinya mai fara'a ta shigo da na'ura a hannu, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su.

"Inna, yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Kuna samun abinci kullum?"

"Alhamdu lillahi."

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Alhamdu lillahi."

Yarinyar tana ta latsa na'ura, tana duban kujeru, tana duban rediyo. Daga ƙarshe ta ce su yi murmushi, ta ɗauki hoto. Inna har rakiya ta yi mata zuwa bakin titi, tana jin daɗi a ranta cewa asirinsu a rufe baƙuwar ta tafi.

* * *

Ofishin yana saman bene, sanyi kamar cikin randa. Mai gadi ya so ya tare ta, ta ce masa in ya taɓa ta sai ta tara masa jama'a, ya matsa. Tana shiga ta yi tsaye cak. Ga ta nan a bango, ƙatuwa, ta fi ƙofa tsawo, tana dariya a kan kujerar matar tela. Ga Magini da hularsa, ga rediyon mutane a bayansu. An yi rubutu a ƙasa.

"Me aka rubuta nan?" ta tambayi mai shara.

"An ce, 'Sun tsaya da ƙafafunsu.'"

Manajan mutum ne mai sanyin murya. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, yana ta ce mata Mama. Ba ta zauna ba, ba ta sha ba.

"Mama, yaye abin murna ne. Ma'anarsa kun samu ci gaba. Dubi titi, dubi kamfani, mutane nawa suka samu aiki? Tattalin arzikin garin nan ya bunƙasa, kowa ya shaida."

"Ya bunƙasa a gidan wa? Ni dai bai yi sallama a ƙofata ba. In ya zo ta wuce ni ne, a cikin mota."

"Masu ba mu tallafi suna son su ga mutane na fita daga talauci, don a taimaki waɗanda suka fi su buƙata."

"Ɗana, ni ban yi boko ba, amma na yaye 'ya'ya. Ba a cire yaro daga nono sai an ga haƙori, an ga hannunsa na kai wa baki. Kun duba bakinmu?"

"Mun duba, Mama." Ya juyo mata da fuskar na'ura kamar za ta iya karantawa. "An tambaye ki ko kuna samun abinci, kin ce alhamdu lillahi. An tambayi Baba jiki, ya ce da sauƙi. Kuna da kujeru, kuna da rediyo. Mu abin da aka gaya mana muke aiki da shi."

"To me kake so in ce? Baƙo ya gaishe ni in ce masa ban ci ba? Kai in uwarka na kwance aka ce yaya jiki, cewa take yi ina mutuwa? Gaisuwa ce fa! Gaisuwa kuka mai da shaida?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ga alamar ya gane, ta kuma ga ganewar ba za ta motsa komai ba.

"Kujerun aro ne," ta ce, muryarta ta sauka. Faɗin wannan ya fi mata zafi a kan duk ihun da ta yi. "Rediyon ma aro ne."

Tana saukowa daga bene aka biyo ta da gudu. Yarinyar nan ce mai tambaya, idonta ya yi ja.

"Inna, ni ce na zo gidanku. Wallahi na san yadda ake gaisuwa, a gidanmu ma haka muke cewa. Amma na'urar gida biyu gare ta, e ko a'a. Ba ta da gidan alhamdu lillahi. Zan roƙa a bar ni in sake zuwa. Sai dai wannan karon ki bar ni in ga komai yadda yake. Komai, Inna. Sai da hoto suke yarda."

* * *

Ranar da za ta zo, Inna ba ta yi shara ba. Ta jera bokitan ɗiga a tsakar ɗaki, ta kife tukunya a bakin ƙofa don a ga babu komai a ciki. Ta cire tsumman da take toshe tsagar bango da shi. Ta bar ƙofa a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba. Maƙwabta na wucewa suna satar kallo.

"Wai gwanjon ɗakin za ki yi?" in ji Magini. Kwanakin nan ba allura, muryarsa ta dusashe, ɗakin kuma ya fara wani wari da turare ya kasa dannewa.

"Malam, don girman Allah, in ta tambaye ka, ka faɗi gaskiya."

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

Da ya ji sallama ya lalubi hularsa ya ɗora. Yarinyar ta durƙusa.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Alhamdu..."

"Ba sauƙi!" Inna ta katse shi. "Ba wani sauƙi! Ba ya barci, ba ya iya taka ƙafar, jiya kuka ya yi da hawaye kamar yaro!"

"Barkono." A hankali ya kira ta. Bai taɓa kiran sunan da wannan muryar ba.

Yarinyar ta ɗaga na'ura. "Baba, ka yi haƙuri, ko zan iya ganin ƙafar?"

Ya damƙe bakin bargon da hannu biyu. Hannuwan nan da suka ɗaga bulo shekara da shekaru, yanzu bargo suke karewa. Ya dubi matarsa. Ba faɗa a idonsa, roƙo ne.

Inna ta tuna maganar likita. Ta rufe ido, ta fizge bargon.

Yarinyar ta toshe baki. A bakin ƙofa wata maƙwabciya ta yi salati. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har idon sawu, ƙudaje suka taso. Na'ura ta yi ƙyas, ta sake yin ƙyas. Magini ya cire hularsa, ya ajiye a gefe, ya juya fuskarsa bango.

* * *

Amsar ta zo bayan an riga an kwantar da shi a babban asibiti. Yarinyar ce ta kawo da bakinta, ta tsaya a baranda ta kasa haɗa ido da Inna. Ta ce kowa ya ga hoton, kowa ya tausaya, har manaja ya rubuta wa na sama. Sai dai ba gidansu kaɗai aka yaye ba. Garin ne gaba ɗaya. An ce ya samu ci gaba, aikin zai koma wata ƙasa inda ake yunwa ta gaske. Ofishin ma ana kwashe kaya, ita kanta aikinta ya ƙare.

Inna ta buɗe baki za ta yi masifa, ta rasa wanda za ta yi wa. Yarinya ce kawai a gabanta, tana kuka.

"Hotona na bango fa?"

"Sun tafi da shi."

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. 'Yarsu ta sayar da abin da take da shi, maƙwabta suka haɗa abin da ya sawwaƙa, tela ya ɗauko shi a bayan mota aka dawo da shi gida.

Bai yi mata faɗa ba. Da ma ya yi. In ta ba shi ruwa ya karɓa ya ce an gode, kamar wadda ya haɗu da ita a tasha. Bai sake ce mata 'yar tsohuwa ba. Hular na nan inda ya ajiye ta.

Da hantsi ta share ɗaki, ta mai da tsumma cikin tsagar bango, ta saki labulen buhu a ƙofa. Tsintsiya ta jawo takalmansa daga ƙarƙashin akwati, waɗanda yake zuwa aiki da su, har yanzu da busasshen siminti a jiki. Ta goge na dama ta ajiye masa a gefen katifa. Na hagun ta riƙe a hannu. Ta dubi kwandon shara, ta dubi akwati, ta rasa inda za ta sa shi. Daga bakin titi jiniyar kamfanin takalma ta busa, ma'aikata na canjin aiki.

"Inna!" Matar tela ce ta kan katanga. "Yaya mai jiki?"

Inna Barkono ta tsaya da takalmi a hannu. Daga cikin ɗaki, ta bayan labule, muryar Magini ta fito a hankali.

"Da sauƙi. Alhamdu lillahi."