Gyaran Da Ba A Mayarwa

Kwana huɗu Barira ta yi a kan kujerar roba a asibiti, kusa da gadon 'yarta Suwaiba, wadda ciwon sikila ya sake murɗe wa ƙasusuwa. Yau kuma ga ta a ofis bayan azahar, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, da takarda a gabanta da za ta miƙa kafin la'asar. Ta gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ta bari a yi.

Fassara ce aikinta a wata cibiyar binciken magani. Masanan wurin sun ƙera wata ƙwayar halitta da hannunsu, za a sa wa yara masu sikila a ɓargo ta riƙa yi musu jini mai kyau. In ta shiga ba ta fita, kuma babu wanda ya san ko za ta bi jini har jikoki. Iyaye mata talatin ake so su dangwala hannu a takardar yarda. In ba su cika ba, a kwashe gwajin a kai wata ƙasa, sunan Suwaiba kuwa shi ne na bakwai. Shi ya sa Barira ta dunƙule duk dogon bayanin nan a kalma ɗaya mai daɗin ji: za a yi wa jinin ɗanki gyara. Yo wace uwa ce za ta ƙi gyara? Ta kifa kai a kan tebur, wai minti biyu kawai.

Teburin ya yi laushi, ya koma buhun hatsi. Da ta ɗago sai ga ta a kasuwa, rumfuna na yawo a kan jan ruwa, babu mai saye ko ɗaya. Wata tsohuwa mai awo na zaune gaban faranti, hatsinta ja wur, wasu ƙwayoyin a mulmule, wasu a lanƙwashe kamar lauje.

"Mudu nawa, 'yar nan?"

"Iya, lafiyar 'yata nake nema."

Tsohuwar ta tsince lanƙwasassun, ta auna mata mudu ɗaya a bakin zane, ta tsaya tana kallonta. "Ba za ki ce a yi miki gyara ba?"

"A yi min gyara, Iya."

Ta sa hannu cikin wani ƙoƙo a bayanta, ta ɗebo, ta watsa a kai. Abin da ta watsa ya fara rarrafe, yana nutsewa cikin hatsin yana haihuwa.

"Iya, wannan ai motsi yake yi!"

"Gyara kika ce. Ku a ofis gyara ɗinke ɓaraka ne. Mu a bakin mudu ƙari ne. Kuma tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa ganin wanda ya dawo da gyara?"

Barira ta durƙusa za ta tsince, sai wata murya ta ce kada ta wahalar da kanta. Allura ce, tsayinta ya kai taɓarya, tana jan ƙafa kamar wadda ta kwana tsaye.

"Ni hanya ɗaya na sani, shiga," in ji allurar. "Fita ba aikina ba ne. Biyo ni."

Suka shiga wani dogon zaure fari fat, babu taga. Barira ta dafa bango ta ji ɗumi, sai ta gane cikin ƙashi suke tafiya. Bangon na nishi, kuma nishin Suwaiba ne, wanda take yi in ciwon ya kai inda ba ta iya kiran Umma.

"Saurara da kyau," in ji allurar. "Wannan ma gaskiya ne."

Zauren ya buɗe kan wani fili mara iyaka. Mutane ne zaune a kan benci, layi bayan layi, kamar masu jiran ganin likita, rana na ratsa jikinsu. Kowa ya ɗaga babban yatsa sama, yatsun kuwa sumul, babu zane ko ɗaya.

"Ba a haife su ba tukuna," in ji allurar, ta kwanta a ƙasa.

Wata mata ta taso daga layi, furfura fal kanta, ta girmi Barira nesa ba kusa ba. Amma wushiryar Suwaiba ce a bakinta.

"Kaka, ke kika dangwala mana?"

Barira ta ji kunya ta rufe ta, ga haushi. "Uwarki na narkewa a hannuna. Me kike so in yi?"

"Ban ce kin yi laifi ba, Kaka. Ba don ke ba, ƙila da babu ni. Tambaya kawai nake yi. Sauran iyayen, an faɗa musu?"

Barira ta kama hannun matar tana lalube, tana duba fararen idonta. "Ke dai faɗa min, don Allah. Lafiyarki ƙalau? Abin bai yi muku komai ba?"

Matar ta buɗe baki za ta amsa.

Fanka ta tashi da ƙara, an kawo wuta. Barira ta zabura. A cikin barci hannunta ya faɗa kan tawadar dangwale, kuma yatsanta ya sauka daidai kan kalmar gyara, ya shafe ta. Daga masallacin bakin titi an fara kiran la'asar.

Ta daɗe tana kallon baƙin tabon. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta a samansa: za a ƙara wa jinin ɗanki wani abu mai rai da ba ya fita, kuma ba mu san inda zai tsaya ba. Ta karanta da ƙarfi, yadda gobe za a karanta wa iyayen yaran, har tana jin ƙarar bencin waɗanda za su miƙe su saɓa goyo su tafi. Tsoro ya kama ta sosai, amma ba ta goge ba.

Da sauran tawada a yatsanta. Ta juya shafin sunaye, ta dangwala a layi na bakwai, ta bar ashirin da tara a buɗe.